Yadda ake tsara gyaran gida a Jos kafin a fasa bango ko ɗaya

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuyar lissafi, domin mai sabon gini yana kallon filinsa a buɗe, shi kuwa mai gyara yawancin abin da zai ci kuɗinsa yana ɓoye ne a bayan filasta, da cikin silin, da ƙarƙashin daɓe. A cikin ayyukan da na kula da su a unguwanni irin su Gangare da Anguwan Rogo da Nasarawa, waɗanda suka tsaya a rabi kusan duk hanya ɗaya suka bi: an sayi tayil da fenti tun da farko, an kira birkila ya fara fashe-fashe, daga baya aka gano katakon rufi ya ruɓe, lokacin kuwa kuɗi sun riga sun tafi. Abin da zan bayyana a nan shi ne aikin da ake yi da littafi da tef a makonnin da ke gabanin zuwan ma'aikata.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar littafin rubutu mai ƙwarin bango wanda ba za a yi wani abu da shi ba sai wannan aiki, da biro da fensir, da tef na awo mai tsawon mita 5 ko fiye, da tocila mai haske sosai, da ƙaramar guduma, da sukuddireba, da alli, da tsani, da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Ka haɗa da farar leda da salatef da kwalbar da ake ganin cikinta, za ka ga amfaninsu a gaba. Idan babu tef, igiyar da aka auna aka ƙulla a kowace mita za ta yi aikin wucin gadi, amma kada ka sayi tayil ko kwano da awon igiya. Sannan ka fito da takardun gidan: takardar ciniki ko ta mallaka, da zanen ginin idan akwai. Yawancin tsofaffin gidajen cikin gari ba su da zane, saboda haka kai ne za ka yi shi a mataki na uku.

1. Tabbatar da wanda ke da iko da gidan

Idan gidan gado ne da ba a raba ba, kada ka zuba ko buhun siminti ɗaya sai magada sun zauna an rubuta cewa kuɗin da za ka kashe kyauta ne, ko bashi ne a kan gidan, ko za a cire maka su ranar rabo. A sa hannu a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Idan haya kake, ka sami amincewar mai gida a rubuce tare da bayanin yadda za a cire kuɗin daga kuɗin haya. Idan kuma aikin ya shafi ƙara ɗaki, ko ɗora bene, ko mayar da zaure shago, ko matsar da katanga wajen titi, ka je Hukumar Raya Birnin Jos, wato JMDB, ka nemi izini kafin ka fara, domin jan fenti a jikin bango bayan an kashe kuɗi ba ƙaramar asara ba ce. Bangon da kuka haɗa da maƙwabci kuwa, ka yi masa magana tun yanzu, in ya yiwu a gaban mai unguwa.

2. Bincika gidan daga sama zuwa ƙasa

Wannan mataki ne ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ka ware masa yini guda cur, ka fara daga rufi.

Ka hau cikin silin da rana tsaka, ka kashe tocila na ɗan lokaci, duk inda ka ga haske yana shigowa ta kwano, nan ruwa yake shigowa. Daga nan ka kunna tocilar ka bi katako ɗaya bayan ɗaya kana soka masa sukuddireba, musamman inda ya zauna a kan bango da kuma ƙarƙashin wurin da kwano biyu suka haɗu. Katakon da gara ta ci yakan yi kyau a ido, amma ƙarfen zai nutse cikinsa ba tare da ka yi ƙarfi ba. Ka duba kuma yadda aka ɗaure rufin da bango, ko da ƙarfe aka ɗaure shi ko ƙusa kawai aka buga, saboda iskar farkon damina a Jos tana yaye rufin da ba a ɗaure ba. Ka taka kan katako kaɗai, kada ka taka silin. Idan silin ɗin tsohon asbestos ne, ka rubuta a littafi cewa za a jiƙa shi da ruwa a cire shi ɗaya-ɗaya ba tare da fasawa ko yankawa ba, kuma masu aikin su rufe hanci da baki, domin ƙurarsa tana yi wa huhu illa mai tsanani.

Sai bango. Ka riƙa ƙwanƙwasa filasta da guduma a hankali. Inda ta yi ƙara kamar ganga ta rabu da bango, sai ka zagaye wurin da alli. A wani lungu da ba a gani, ka ɗan kankare filastar don ka san da me aka yi ginin, domin gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, kuma mai gidan da ya saya bai sani ba. Bangon ƙasa yana iya daɗewa idan an kare shi daga ruwa, amma ba a ɗora masa dakin, wato rufin kankare, kuma ba a liƙa masa tayil mai nauyi.

Tsagewa iri biyu ce. Siririya mai kama da gashi wadda ta bazu a kan filasta, wannan ta filasta ce kawai. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta yi faɗin da za ka iya cusa bakin sukuddireba, wannan tana iya nuna cewa tushen ginin yana motsi. Ka ja layi da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata, ka shafa ɗan siminti a kanta a wuri ɗaya, ka dawo bayan mako uku ko huɗu. Idan simintin ya tsage ko tsagewar ta wuce layin, aikin ya wuce na birkila, injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, za ka kira.

Danshi kuma ka gwada shi da leda. Ka manna farar leda mai faɗin kamu biyu a bangon da salatef ta kowane gefe, ka bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a tsakanin ledar da bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa, ko daga ƙasa, ko daga bututun da ya fashe, ko daga kwatar da ke bayan ɗakin. Idan a wajen ledar ta taru, ɗakin ne ba ya samun iska, abin da yake yawan faruwa a Jos inda ake rufe tagogi saboda sanyi. Wanda ya rufe danshi da tayil ko fenti bai kore shi ba, zai hau sama ya fito a inda tayil ɗin ya ƙare.

A ƙarshe ka duba inda ruwan sama yake bi. Idan an cika titi har ya fi tsakar gidanka tudu, ka rubuta wannan a sahun farko. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, kuma duk gidan da ke kusa da rafi ko a gangare, maganar magudanar ruwa tana gaba da maganar ado. Ka buɗe murfin sokawe ka ga yadda ya cika, ka auna tazararsa da rijiya. Ƙasa da mita 15 haɗari ne ga ruwan sha.

3. Auna, ka zana, ka yanke shawara da iyali

Ka zana kowane ɗaki a shafinsa, ka rubuta tsawo da faɗi da tsayin bango da girman ƙofa da taga. Ba sai zanen ya yi kyau ba, lambobin ne ake buƙata. Ka tsaya kan ma'auni ɗaya, domin magina suna magana da ƙafa da inci, masu sayar da tayil kuwa da mita, kuma rikicewar nan tana sa a sayi kaya fiye ko ƙasa da buƙata.

Kafin ka ce an gama zane, ka zauna da uwargida da duk wanda zai yi amfani da wurin. Ita ta san inda hayaƙi yake taruwa a kicin, da inda ya kamata famfo ya kasance, da inda firji zai zauna. Ku ɗauki alli ku zana a jikin bango inda kowane soket da makunni da famfo zai kasance, ku buɗe ƙofa ku ga ko za ta rufe makunnin. Canjin da aka yi da alli kyauta ne, wanda aka yi bayan filasta kuwa sai an biya mai fasawa da mai gyarawa da kuɗin siminti. Idan kana son cire bango don faɗaɗa falo, kada ka yarda da cewar wani “ai ba ya ɗauke da komai”. A duba ko katakon rufi ko dakin yana zaune a kansa, kuma idan haka ne a tsara ginshiƙi da bim, wato kankaren da ake gittawa a kan ginshiƙai, da za su karɓi nauyin kafin a taɓa shi.

4. Raba aikin gida uku

Kashi na farko shi ne abin da gidan zai lalace ko ya cutar da mutane idan ba a yi ba: rufi, tushe, tsagewa, danshi, wayoyin wuta da suka tsufa, magudanar ruwa da sokawe. Na biyu shi ne abin da zai sauƙaƙa zama, kamar banɗaki da kicin da ƙofofi. Na uku ado ne. Ba a taɓa kuɗin kashi na uku sai an kammala lissafin na farko, ko da biki ne ya matso.

5. Yi lissafin kaya da kuɗi

Ga ƙa'idojin da za su ba ka damar duba abin da ma'aikaci ya rubuto maka. Bulo mai inci 6 ko inci 9 yana shiga kusan guda 10 a kowace murabba'in mita, saboda haka bango mai tsawon mita 3.6 da tsayin mita 3 zai ci bulo 108, sai ka ƙara kaɗan saboda fashewa, ka cire gurbin ƙofa da taga. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana da kusan murabba'in mita 13. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka, ya zama 14 da ɗoriya. Tayil mai santimita 60 da 60 yakan zo guda 4 a kwali, wato murabba'in mita 1.44, ke nan kwali 10 za ka saya. Ka sayi dukan tayil ɗin ɗaki a lokaci ɗaya, domin wanda za ka dawo nema bayan wata biyu ko dai ya ƙare a kasuwa ko launinsa ya ɗan bambanta. Kankare na ginshiƙi da linta, wato na saman ƙofa da taga, ana haɗa shi ne da awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Wayar fitila mai murabba'in milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, ta hita da na'urar sanyaya ɗaki 4, kuma a gidan Jos kada ka manta da layin hita na musamman, domin a sanyin Disamba da Janairu kowa ruwan zafi yake nema.

Farashi kuwa da ƙafarka za ka samo shi. Ka je kasuwar Katako don katako, ka je kasuwar kayan gini da ke hanyar Bukuru, ka tambayi aƙalla shago uku, ka rubuta farashi da kwanan wata. Ka tambayi kaurin kwano da kaurin rodi, in da hali ka sa a auna a gabanka, saboda akan sayar da siriri da sunan mai kauri, kuma araha ba ta ado. Ka sa kuɗin da ake mantawa: dakon kaya, da lodi da saukewa, da kwashe ɓaraguzai, da hayar janareta ga mai walda da mai yankan tayil, da ruwa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu rijiyoyi da yawa suna ja baya, gini kuwa yana shan ruwa fiye da yadda ake zato, saboda haka kuɗin 'yan garuwa ko tanka layi ne mai zaman kansa.

Bayan ka tara jimla, ka ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kai, ka ajiye su daban. Idan kuɗin da ke hannunka ba su kai jimlar tare da wannan ƙari ba, ka rage aikin tun a takarda, ka yi rufi da wuta da ruwa a bana, ka bar sauran zuwa baɗi. Idan aikin babba ne, kuɗin da za ka ba mai ƙididdigar kayan gini ya yi maka lissafi ba su kai abin da za ka yi asara a hasashe ba.

6. Zaɓi lokaci

Damina a Jos tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ta ɗauke wajen Oktoba. Aikin rufi da haƙan sokawe da magudana na rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris. Amma hunturu yana da nasa sharri: busasshiyar iska tana tsotse ruwan filasta kafin siminti ya kama, sai ta tsattsage. Maganinsa shi ne a jiƙa bango kafin a shafa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, haka ma duk wani kankare, wanda ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Idan dole ta sa za a buɗe rufi da damina, a riƙa cire iya abin da za a mayar a yinin, a ajiye tamfol a kusa. Ka kuma lura da azumi da sallah, lokacin da aiki ke raguwa kuma ma'aikata suke tafiya gida.

7. Jera aikin yadda wani ba zai ɓata na wani ba

Tsarin da na saba bi shi ne: fashe-fashe da kwashe ɓaraguzai, sai gyaran tushe da bango da ginshiƙai, sai rufi, sai kafa firam na ƙofa da taga, sai mai wayarin ya binne bututunsa, mai aikin famfo ya binne nasa, sai filasta, sai silin, sai tayil, sai fenti, a ƙarshe a ɗaura fitilu da kawunan famfo da kwanon wanka. Akwai abu uku da za ka rubuta a tsakani. Kafin a rufe bututun ruwa, a cika su da ruwa a toshe a bar su kwana ɗaya, a duba kowace mahaɗa. Kafin a yi filasta, ka ɗauki hoton kowane bango tare da tef a miƙe, domin wata rana za ka so buga ƙusa ba tare da ka huda bututu ba. Kafin mai tayil ya bar banɗaki, ka zuba bokitin ruwa a ƙasa ka ga ko duka ya gangara magudana. Sabuwar filasta tana buƙatar mako uku zuwa huɗu ta bushe kafin fenti, da damina ma fiye da haka.

Ka yanke tun yanzu ko iyali za su zauna a gidan ko za su tashi. Idan za su zauna, a raba gidan biyu, a bar musu banɗaki da wurin girki da hanyar shiga da ba ta bi ta wurin ma'aikata, a kuma tsai da lokacin shiga da fita. Wannan yana tsawaita aiki, sai ka sa shi cikin lissafi.

8. Ɗauki ma'aikata, ku rubuta yarjejeniya

Kada ka ɗauki mutum don an ce ya iya. Ka je ka ga aikin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce, domin sabon aiki kowa nasa yana da kyau. Ka kai ma'aikaci biyu ko uku wurin, kowanne daban, ka nuna musu takarda ɗaya, su rubuta kuɗin aiki daban da jerin kaya daban. Mai cewa “Alhaji, mu fara kawai, ba za mu ɓata ba” mutum ne da za ku ɓata da shi, sai ka amsa masa da cewa, “Malam, a rubuta dai, don ni da kai mu huta.”

Jinga ta fi dacewa da aikin da ake iya aunawa, kamar tayil da fenti da jera bulo, amma mai jinga yana sauri, sai an sa masa ido. Biyan yini ya fi dacewa da fashe-fashe da gyaran da ba a san zurfinsa ba, amma yana buƙatar wanda zai tsaya a wurin. Takardar ta ƙunshi abin da za a yi ɗaki-ɗaki, da wanda zai sayi kaya, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai kwashe shara, da yadda za a biya. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran a biya bayan kowane mataki da ka duba, a riƙe kashi 10 cikin 100 sai an gyara kurakurai. Duk ƙarin aikin da ya taso a tsakiya, a rubuta kuɗinsa a littafi ku sa hannu kafin a fara shi. Idan kana wani gari, ka wakilta mutum ɗaya tak wanda zai riƙa turo hoto da rasit kullum, kuma kada ya zama shi ne mai sayar maka da kaya.

9. Tsara sayen kaya da ajiyarsu

Siminti ba ya son jira. Buhu mai kilo 50 da aka ajiye a ƙasa ko jikin bango yana shan danshi ya dunƙule, kuma ko an ajiye shi da kyau ƙarfinsa yana raguwa bayan kamar wata uku, saboda haka ka riƙa sayen na mako biyu, a jera shi kan katako a ɗaki mai makulli. Rodi da kwano da tayil da waya su ne za ka iya saya da wuri idan kana tsoron tashin farashi. Yashi ka gwada shi kafin tifa ta juye: ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye na wasu awoyi, idan lakar da ta kwanta a sama ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, bai dace da filasta ko kankare ba. Bulo kuma ka karce shi da ƙusa, wanda yake zuba kamar gari an yi masa rowar siminti. Katako a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, a bar ɗanye ya sha iska a inuwa.

A shafukan ƙarshe na littafin ka ja layi huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da aka fitar, da wanda ya karɓa. Ka riƙa ƙirga buhunan da aka zazzage kowace yamma kana gwadawa da abin da aka rubuta. Idan aikin rufi ne aka yi da rani, ka sa a yarjejeniya cewa kuɗin da aka riƙe na kafinta ba za su fita ba sai an yi ruwan sama mai ƙarfi sau biyu, ka hau cikin silin da tocila ka duba da kanka.